Wuta Ba Ashana

Talata, bayan tashi daga aiki

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan, sai takarda.

A kamfanin wanki da guga da nake aiki, ni ke kan injinan busar da kaya. Da hantsi mota ta kawo tsummokan gidajen abinci, irin waɗanda ake goge kasko da murhu da su, duk wankin duniya ba ya raba su da maiƙo. Aka wanke, na zuba a inji. Mai kamfani ya leƙo yana tafa hannu kamar kullum: "A fitar, a fitar, zannuwan otal na jira!" Injin yana da ɗan lokaci a ƙarshe da yake daina zafi ya hura wa kaya iska mai sanyi, mu muna ce masa hucewa. Tun da na zo wurin nan ban taɓa ganin an bar inji ya kai nan ba. Na kashe, na kwaso tsummokan da zafinsu, na danna a kwando mai taya, na tura ƙarƙashin rumfar tsakar gida.

Bayan azahar Goggo mai guga ta ɗaga hanci. Tsohuwa ce 'yar wajenmu, ita ta raɗa mini Murtuke saboda fuskata.

"Kai Murtuke, wa ke gasa abu bai kira mu ba?"

Muka fita. Hayaƙi ne siriri yake tashi daga tsakiyar kwandon, a miƙe, ba gaggawa. Babu kowa kusa. Babu wayar lantarki, babu ashana, ko rana ba ta taɓa shi ba. Na sa sanda na ɗaga na sama. Cikin ya yi baƙi ƙirin, yana shan iska kuwa sai wuta ta miƙe tsaye, ta fi ni tsawo.

Goggo tana riƙe da wayarta tana ɗauka. Ta yi salati, sannan ta ce, "Auta."

Na ruga ɗauko ruwa.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na kawo shi ƙasar nan, ni na sama masa aiki a kamfanin. Shekara guda da wani abu ke nan yana gidan yari saboda gobarar da ta cinye tsohon ginin kamfanin. Da bakinsa ya ce wa alƙali shi ne.

Laraba, da sassafe

Mai kamfani ya ce duk wanda ya fita da maganar jiya, ya fita da ƙafarsa. Goggo ta ce masa wayarta ba ta jin yarensa.

Juma'a, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai sarara.

Ranar gobarar Auta ne a kan injina da yamma, shi ya fita ƙarshe. Kyamarar ƙofar baya ta nuna shi yana shan taba, ya yar da guntun, ya tafi. Da ranar kuma an ji shi suna sa-in-sa da mai kamfani a kan yawan aiki. Can wajen asuba gini ya kama.

Hukuma ta ba shi lauya kyauta. Ni Mai Agogo nake ce masa, don duk maganar da muka yi da shi idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. A barandar kotu ya gaya mana, a tsaye: in Auta ya amsa, shekara huɗu. In ya ja aka yi shari'a ya faɗi, sai ya ninka uku. Auta ko kallona bai yi ba ya ce, "Zan amsa." Alƙali ya tambaye shi ko an tilasta masa, ya ce a'a. Ko ya san abin da yake yi, ya ce e. Shari'ar duka ba ta kai tsawon shan shayi ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, ranar da ya gama zaman, ba gida za a sako shi ba. Jirgi za a sa shi, kuma ba zai ƙara taka ƙasar nan ba. Matarsa a nan aka haife ta, 'yarsu ma haka. Yarinyar tana ciki aka kama shi, yanzu tana dafa bango tana tafiya. Sai daga baya takarda ta zo muka sani.

In yi adalci, Mai Agogo bai yi mana ƙarya ba. A hannunsa na ga fayil sun kai goma a ranar. Amma ban yafe masa ba.

Batun mai gadin ginin kuwa, ba yau ba.

Lahadi, da hantsi

Inna ta kira. Ta ce, "Autana fa?" Na ce yana wajen aiki, can inda waya ba ta kamawa. Ta ce, "Wannan aiki ya cika aiki." Na ce haka ne. Ta ce in gaya masa ya riƙa rufe ƙirjinsa.

Na gaji da ƙaryar nan kamar yadda na gaji da takalmin ƙafata.

Talata, da rana

Matar Auta ce ta samo ofishin, wasu lauyoyi masu duba shari'ar da aka riga aka yanke. A saman wani shagon gyaran takalma yake, warin gam yana bin mutum har matakala ta ƙarshe. Lauyar gajeriya ce, in ta zauna ƙafarta da ƙyar take taɓa ƙasa. Na ce a raina, wannan ce za ta ja da hukuma?

Ta kalli hoton wayar Goggo sau uku. A na ukun ta dafe baki.

Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce wanda aka yi wa shari'a aka kama shi da laifi yana da ƙofar ɗaukaka ƙara. Wanda ya amsa da bakinsa kuwa shi ya ja ƙofar ya rufe, sai 'yar taga ta rage. Don a shiga ta tagar, sai an nuna wa alƙali abu biyu. Na farko, an sami hujjar da ba a sani ba a lokacin. Na biyu, lauyan farko bai yi aikinsa ba: bai sa an binciki asalin wutar ba, bai kuma gaya wa Auta amsawar za ta raba shi da iyalinsa ba.

Na ce, "Hoton nan bai isa ba?"

Ta ce, "Hoton ya nuna tsumma na iya kamawa. Bai nuna shi ya kama a ranar ba. Kuma ko mun ci, ba a wanke shi ba ke nan. An mayar da shi ranar farko ne, hukuma na iya sake gurfanar da shi ta nemi mai tsawon."

Sai ta ce akwai wanda ya fi duka: Auta ne zai nemi janye amsarsa da kansa. Ba ni ba, ba matarsa ba.

"Yaushe ka gan shi na ƙarshe?"

Na kalli takalmana. Matar Auta ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinya hula. Tun da aka kai shi ba ta taɓa ce mini, Yaya me ya hana ka zuwa ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, bayan dawowa

Na je.

Ƙofa bayan ƙofa, kowace sai ta baya ta rufu ta gaba ke buɗewa. Na tsaya ina mamakin yawan ƙarfen da 'yan Adam suka tara don su tsare ɗan'uwansu. Ɗakin ziyara tebura ne a kafe da ƙasa, da agogo a cikin keji, kamar shi ma an yanke masa hukunci.

Ya rame. Furfura ta fito masa a gefen kunne, shi da na goya.

"Yaya, ka sha hanya."

"Na sha."

"Ka ƙara murtukewa."

"Kai kuma ka ƙara muni."

Ya yi dariya, ni na kasa. Na ba shi labarin kwandon tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Magana zarar bunu ce, Yaya. Na tsaya gaban alƙali na ce ni ne. Yanzu in koma in ce ba ni ba? In zama maƙaryaci sau biyu?"

"Ina na farkon?"

Ya ce ranar da zai baro gida Inna ta riƙe hannunsa ta sa shi ya rantse ya bar taba. Ya rantse. Bai yi wata a nan ba ya koma. Da aka nuna masa hoton kyamara a ofishin 'yan sanda, shi bai ga hujja ba, sakayya ya gani. Ya karya rantsuwar uwa, Allah ya kama shi da tabar da ya rantse a kanta. Shi ya sa bai tambayi lauya komai ba. Wa ke jayayya da abin da ya sauko daga sama?

Na ce, "To ba tabar ba ce."

Ya ce, "In tsummokan ne ma, wa ya kwaso su daga inji a yammacin? Ni ne. Duk ta inda ka bi, hannuna ne ya kashe tsohon nan."

To, shi ya faɗa, ni ba sai na faɗa ba. Mai gadi yana ɗakinsa na bakin ƙofa lokacin da hayaƙi ya cika ginin. Ya kwana uku a asibiti, ya cika. Shekara shida muna shan shayi tare kowace safiya kafin ya tafi gida, ba na jin yarensa sosai, ba ya jin nawa, shi ne abokina ɗaya a garin nan. Saboda shi ne ban taɓa zuwa ganin Auta ba.

Lahadi, da rana

Taurin kai irin na Baba. Allah ya ji ƙansa, shi ma haka ya kashe mu da shi.

Alhamis, da la'asar

Lauya ta samo wata masaniyar gobara daga jami'a. Yau ta kira mu wani fili a bayan gari mu ga gwaji. Na ce wa mai kamfani ciwon haƙori nake.

Mace ce mai sanyin murya, da tabarau a rataye a wuya. Ta kawo injin busarwa irin namu a bayan mota, da tsummoka daga gidajen abincin da muke wa wanki. Ta ce in yi yadda muke yi, kada in gyara komai. Na kashe kafin hucewa, na kwasa, na danna. Kwando na biyu kuma ta sa aka bar inji ya huce. Ta cusa wa kowanne ma'aunin zafi a tsakiya, muka koma inuwa muka zauna.

Na hucewar, lambarsa ta yi ta sauka. Nawa ya ɗan sauka, ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Sai ya fara hawa.

Na ce, "Wa ke hura shi?"

Ta ce ba kowa. Man girkin da ya maƙale a zare yana shan iska a hankali, yana shan iskar yana fitar da zafi. In kaya a shanye suke, zafin ya watse. In a dunƙule suke kuma da zafinsu, ba shi da hanyar fita, sai ya yi ta taruwa a ciki har ya kai. Wani lokaci awa biyu, wani lokaci sai bayan kowa ya tafi gida.

Na zauna ina kallon lamba tana hawa ita kaɗai. Sama tas, tsuntsaye na kiwo a gefen fili, kwando a zaune kamar ba ruwansa. Na taɓa gefensa, ɗumi kawai. A ciki kuwa wuta ce ake haifa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye wuta a cikin tsumma. Shekara nawa ina tura abin nan da hannuna, ina jingina da shi ina cin abinci? Sau dubu na yi abin da Auta ya yi a yammacin nan. Duk wanda ya taɓa injinan nan ya yi.

Da hayaƙin ya fito, direban motar ya cire hularsa.

Ta kuma nuna mana hotunan tsohon ginin da 'yan kwana-kwana suka ɗauka. Inda wuta ta fi ci, nan ta fara, kuma tsakiyar zauren ne, wurin ajiye kwanduna. Ƙofar baya inda Auta ya yar da guntun taba, ko fentinta bai gama ƙonewa ba. Hotunan suna cikin fayil tun farko. Ba wanda aka sa ya duba.

Litinin, da safe

Mai kamfani ya sallame ni. Ya ce haƙorina ya warke da wuri.

In yi adalci, shi ya ba ni aiki lokacin da ba ni da ko katifa, kuma da na ce ina da ƙane bai yi musu ba. Da zan fita ya riƙe ƙofa ya ce a hankali, "Ni ma ban sani ba. Ka yarda?" Na yarda. Amma ya ce ba zai je kotu ba, yana da 'ya'ya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Goggo ta ce tun ranar kwandon ba a sake kashe inji kafin ya huce ba. Ba sanarwa, ba komai. Kawai ya daina tafa hannu.

Laraba, da rana

Na zauna a ɗaki. Rabona da ganin ɗakin nan da hasken rana har na manta. Ashe bangon kore ne.

Asabar, da yamma

Goggo ta ce za ta bi ni ziyara. Na ce ba wurin mata tsofaffi ba ne. Ta ce, "Uwarka ce tsohuwa." Na ce gaskiya ne.

Ko zama ba ta gama yi ba ta fara.

"Kai Auta, an ce ka zama waliyyi."

"Goggo, ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarka. Rantsuwar taba tsakaninka da uwarka ce, ka je ka nemi gafararta. Wa ya ce maka alƙali ne zai karɓa mata? Ka tashi ka ɗauki kayan da ba naka ba ka zauna a kai, kana jin daɗin tuba. Mu kuma fa? Shekara guda ina guga taku biyu da kwandon nan, don kowa ya san taba ce, an kama mai taba, magana ta ƙare. Da da dare ya kama, da yanzu wani mai gadin ake wa addu'a. Gidan wanki nawa ne a garin nan? Duka haka suke kwasa."

Auta ya ce, "Amma hannuna..."

"Hannunka, da na yayanka, da nawa ranar da ba a sami mai kwasa ba. In haka ne a ƙaro gadaje mu shigo gaba ɗaya. Tsohon nan yana da 'ya. Har yau tana zaton wani ɗan iska ne ya kashe ubanta da guntun taba don ya yi faɗa da mai gida. Ita ba ta cancanci gaskiya ba?"

Ma'aikacin gidan yari ya matso don muryarta ta yi sama. Ta dube shi ta ce da Hausa, "Kai ma ka ci gidanku," tana murmushi. Ya mayar mata da murmushi ya koma.

Auta ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Yaya, ba zan ce ban sha taba ba."

"Ba wanda ya ce ka ce."

"Kuma ba zan ce na san ba ni ba ne. Ban sani ba."

Na gaya wa lauya a waya ina tsoron ya ɓata komai. Ta ce, "Abin da nake so ya faɗa ke nan."

Talata, da hantsi

Makonni ban rubuta ba. Jira ba shi da labari. Na sami aikin dako a wata ma'ajiyar kaya, bayana ya san da haka. An sa ranar zama, jibi. Lauya ta ce komai ya rataya a kan Mai Agogo, ta aika masa sammaci. In ya ce ya bincika kuma ya gargaɗi Auta kan kora, alƙali shi zai yarda da shi, shi ke nan. In ya ce bai yi ba, ya ɓata sunansa a gaban abokan aikinsa, har ana iya kiransa a tuhume shi.

Na ce, to mun faɗi. Wa zai ƙona rigarsa don wani ya ji ɗumi?

Alhamis, bayan kotu

Zauren yana da rufi mai nisa, tari ma sai ya yi amsa-kuwwa. Alƙalin da ya yanke hukuncin farko ne, tsoho mai farar gira. Aka nuna hoton Goggo a babban allo. Na ga kwandona ya kama a gaban kotu, ba wanda ya motsa. Masaniyar gobara ta yi bayani. Mai gabatar da ƙara ya matsa mata sosai, in yi adalci tambayoyinsa na hankali ne: za ta iya rantsuwa ba taba ba ce? Ta ce ba ta rantsuwa a kan abin da ba ta gani ba, amma wuta ba ta fara daga ƙofar baya ba.

Aka kira Auta. Alƙali ya cire tabarau ya ce ya tuna shi, ya tambaye shi ko an tilasta masa ya ce a'a, to me ya canja?

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a tilasta ni ba. Na sha taba, na yar a bakin ƙofa, wannan gaskiya ne. Da na ce ni na tada wutar, abin da na yi zato na faɗa. Na faɗe shi kamar na sani, alhali ban sani ba."

Sai Mai Agogo. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na haɗe rai ina jiran ƙarya.

Lauya ta ce, "Ka nemi masanin gobara?"

"Ban nema ba."

"Ka duba hotunan 'yan kwana-kwana?"

"Na buɗe su. Ban duba ba."

"Ka gaya masa amsa laifi zai sa a kore shi daga ƙasa?"

Ya juyo ya kalli Auta, ya kalli matarsa da yarinya a cinyarta.

"Ban gaya masa ba. Ban ma tambaye shi matsayin takardunsa ba. Aikina ne in tambaya."

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya nemi ba shi mafita: ai aiki ya yi masa yawa a lokacin, ai wanda ake tuhuma shi ya nace zai amsa. Mai Agogo ya ce duka gaskiya ne, amma mutumin da ke gaggawar amsa laifi shi ya fi buƙatar lauyan da zai ce masa dakata. "Ni kuwa na ji daɗi da ya sauƙaƙa mini."

Na ga wuta ta fito daga tsumma, na ɗauka na gama ganin abin mamaki a bana. Mutumin da na kwana ina tsine wa, ba wanda ya riƙe masa wuya, kalma ɗaya ta ishe shi ya tsira. Na duba hannunsa, agogon na nan. Ko sau ɗaya bai kalle shi ba.

A baranda muka yi kiciɓis. Na miƙa masa hannu, ya karɓa da hannu biyu.

A bencin baya akwai wata mace ita kaɗai, ta zauna tun farko har ƙarshe. Goshin mai gadi ne sak. Na gaishe ta da yarensu da ɗan abin da uban ya koya mini. Ta ce, "Kai ne na shayi?" Na ce ni ne.

Litinin, da rana

Alƙali ya soke hukunci. Ya ce amsar da aka bayar cikin rashin sani ba amsa ba ce. Yanzu saura hukuma ta ce ko za ta sake shari'a.

Juma'a, da yamma

Sun janye ƙara.

Na zauna a matakalar ofishin lauya cikin warin gam, na rasa abin da ke damuna. Daga baya na gane. Shekara guda da wani abu ina da wanda nake fushi da shi saboda mai gadi. Yanzu da wa zan yi? Da tsumma?

Lahadi, da hantsi

Jiya aka sako shi da jakar leda ɗaya. Yarinyar ta ƙi zuwa wurinsa, ta ɓuya a bayan ƙafata. Ya ce ba komai, yana da lokaci.

Yau muna ɗakinsu Inna ta kira. Na ɗaga zan fara abin da na saba, Auta ya miƙo hannu. Ya sa wayar yadda kowa zai ji.

"Inna."

Ta ce, "Autana. Waya ta kama ke nan."

"Ta kama. Inna, magana biyu gare ni. Ta farko, rantsuwar da na yi miki a kan taba, na karya ta. Ki yafe mini."

"Wannan ai tun kana rantsuwar ina jin ƙarar ashana a aljihunka. Na yafe, Allah ya shirye ka."

Auta ya rufe fuska da hannu. Matarsa ta juya tana kallon taga.

"Ta biyun kuma, Inna, inda na kasance..."

"A'a. Ta biyun ba kai za ka faɗa ba. Akwai wanda ya yi shekara yana gaya mini kana wajen aiki. Ba ni yayanka."

Na karɓi wayar.